Zakaran Ƙeƙuwa da Ɗan'uwansa na Kogin Ubangi

A unguwar Kilomita Biyar da ke Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai wani malamin Islamiyya da ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi. Yana da wani littafin rubutu mai baƙin bango, wanda ya raba kowane shafinsa gida uku: gidan farko na kalmar Hausa, na biyu na ma'anarta, na uku kuwa na wanda ya ji ta a bakinsa. Dalilinsa a fili yake. Yaran da yake koyarwa jikoki ne da tattaɓa-kunnen fataken da suka gangaro daga Kano da Katsina da Haɗeja ta hanyar Garwa da Ngaundare, amma da Sango suke wasa a layi, da Faransanci suke karatun boko, a kasuwa kuma kunnensu ya saba da Fulatanci da Larabcin Cadi. Hausar da ta rage wa yawancinsu ta gaisuwa ce da ciniki da faɗan iyaye. Sunayen itatuwa da kifaye da tsuntsaye su suka fara zubewa, domin kalmar da ido bai ga abin da take nufi ba, ba ta daɗewa a baki.

Shi kansa malamin a unguwar aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Mafi yawan abin da ke gida na uku mutum ɗaya ne: Baffa, yayan mahaifinsa, tsohon tela wanda aka kai almajiranci wani ƙauye kusa da Haɗeja yana yaro, ya yi shekaru a can kafin ya dawo. A bakinsa ya samu balbela da zalɓe da shamuwa da gauraka da dinya da kirinjijiya. A bakinsa kuma ya samu zakaran ƙeƙuwa, tsuntsun bakin fadama mai dogayen ƙafafu da yawan rakaɗi, wanda ba ya barin mutum ya matso kusa da ruwa bai tona masa asiri ba, mai ƙaya a gwiwar kowane fiffike.

Wata safiya cikin watan Fabrairu, lokacin da ruwan kogin Ubangi ya ja baya, malamin ya gangara gaɓa don cinikin yashin da za a gyara katangar makaranta da shi. Masu haƙar yashi suna ta sauke lodi daga kwalekwale, shi kuma yana jiran a gama awo, sai ya ji wani kuka mai kaifi daga wani tudun yashi da ya fito a tsakiyar ruwa. Tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu, jikinsa bai fi na tattabara ba, yana ɗan ruga gudu, ya tsaya cak, ya caccaki ƙasa, ya sake rugawa. Da wani kwalekwale ya matso, sai ya tashi yana kewaya kan matuƙin yana masifa. Da ya sauka a kusa, malamin ya hango wani baƙin tsini a gwiwar fiffikensa. Nan take zuciyarsa ta ba shi cewa yau gani ya kori ji. Kafin azahar ya buɗe littafin, ya ƙara a ƙarƙashin sunan Baffa cewa ya gan shi da idonsa a Ubangi. Bayan la'asar ya ba yara labari, har ya zana musu shi a allo.

Da yamma ya biya shagon tsohon.

"Baffa, barka da yamma. Yau na haɗu da mutuminka a bakin kogi."

"Wane mutumin nawa?"

"Zakaran ƙeƙuwa. Da ƙayarsa da rakaɗinsa, komai yadda ka faɗa."

Tsohon ya ajiye almakashi. "Ƙirjinsa fa, wane launi ne?"

"Fari fat, har ciki."

"Ƙafafun fa?"

"Rawaya, da ɗan sirkin kore."

"Ka ga wani abu a fuskarsa?"

"Akwai wata fata rawaya da ke reto ta kowane gefen bakinsa, kamar 'yan kunne."

"To ɗana, je ka goge. Zakaran ƙeƙuwan da na sani baƙar riga gare shi tun daga wuya har ciki, da baƙar hula, da fararen kumatu. Ƙafafunsa baƙaƙe ne, kuma ba ya sa 'yan kunne. Kama da wane ba ta wane."

Malamin bai yi musu ba, domin ba a musu da uba, amma a ransa bai gamsu ba. Fiye da shekara hamsin ke nan rabon tsohon da fadamar Haɗeja, kuma tsufa yakan sauya wa abin da aka gani a yarinta launi. Sai dai ya riga ya faɗa wa aji guda magana. Idan kuskure ce, za ta shiga gidaje da yawa, kuma a mafi yawansu babu sauran dattijon da zai gyara ta. Littafin da ya buɗe don ya tsare amana zai koma hanyar yaɗa shirme. Saboda haka ya nemi wani abokinsa da ya karanta ilimin halittu a Jami'ar Bangi, wanda ya ara masa littafin tsuntsayen yammacin Afirka na Nik Borrow da Ron Demey, bugun Faransanci, da ya haɗa har da tsuntsayen Cadi da na Afirka ta Tsakiya. Ya haɗa masa da wani tsohon madubin hangen nesa.

Alamomin jiki

Abin da ya fara fahimta shi ne ƙaya kaɗai ba ta isa shaida ba. Dinya ma tana da ƙaya a fiffike, alhali kuwa dangin agwagwa ce. Tsuntsayen da ake taƙaddama a kansu suna cikin wani rukuni da masana suka raɗa wa suna Vanellus, mai nau'i fiye da ashirin a duniya, kuma da dama daga cikinsu suna da ƙayar. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa ɗan ƙaramin faifan sheƙar hatsi, saboda yadda faffaɗan fiffikensu yake kaɗa iska. Galibinsu dogayen ƙafafu gare su da gajeren baki da manyan idanu, a ƙasa suke saka ƙwai, kuma ba su da daɗi idan aka doshi sheƙarsu. Ashe duk abin da malamin ya dogara da shi alamar zuriya ce baki ɗaya. Ya yi kamar wanda ya gane Bagobiri daga tsagar fuskarsa, sai ya ɗauka ya san sunansa.

Zakaran ƙeƙuwa shi ne Vanellus spinosus, wato mai ƙaya, kuma tun 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya sa shi cikin lissafinsa. Tsawonsa daga baki zuwa jela santimita 25 zuwa 28. Kansa baƙi ne kamar an kifa masa hula har zuwa ido, kumatunsa da gefen wuyansa farare, wani baƙin layi kuma ya gangaro daga haɓa ya haɗu da baƙin ƙirji. Bayansa ruwan ƙasa ne, bakinsa da ƙafafunsa baƙaƙe, idonsa ja. Fuskarsa ba ta da wata fata mai reto. Malamin ya karanta wannan sau biyu, ya ga babu inda tsohon ya kuskure ko da launi ɗaya.

A kusa da shi ya ga hoton abin da ya gani a kogi. Shi ne Vanellus albiceps, wato mai farin kai, wanda masanin tsuntsaye na Ingila, John Gould, ya bayyana a 1834. Ya ɗan ɗara zakaran ƙeƙuwa, domin yana kai santimita 28 zuwa 32. Wani farin layi mai faɗi ya taso daga goshinsa ya ratsa tsakar ka har ƙeya. Gefen kansa da wuyansa ruwan toka ne, ƙirjinsa da cikinsa farare, bayansa ruwan ƙasa, da baƙi da fari a jere a kan fiffike. Bakinsa rawaya ne mai baƙin tsini, dogayen fatu biyu rawaya suna reto daga gindin bakin, ƙafafunsa rawaya masu sirkin kore. Idan ya tashi sama, mafi yawan fiffiken fari ne tas, baƙin yana can ƙarshe, ta yadda ko daga nesa ana iya raba shi da zakaran ƙeƙuwa, wanda dogayen gashin fiffikensa baƙaƙe ne.

Akwai kuma na uku da yakan rikita mai kallo, Vanellus senegallus. Shi ma yana da fatar mai reto da ƙafafu rawaya, amma ya fi su duka girma, wajen santimita 34. Farinsa a goshi ya tsaya, akwai ɗan ja a saman fatar, wuyansa zane-zane ne, ƙirjinsa kuma ruwan ƙasa. Duk wanda ya tsaya ga 'yan kunne kaɗai zai haɗa shi da mai farin kai, kamar yadda wanda ya tsaya ga ƙaya zai haɗa mai farin kai da zakaran ƙeƙuwa.

Daga nan malamin ya tsara wa kansa jerin abin da ido zai bi kafin baki ya furta suna: kai, sannan fuska, sannan ƙirji, sannan ƙafafu, sannan a jira tsuntsu ya tashi a ga fiffike. Da ya duba jerin, sai ya lura kusan tambayoyin Baffa ne a shago, tsohon da bai taɓa buɗe littafin tsuntsaye ba.

Mazauni

Shaida ta biyu bayan jiki ita ce wurin da aka ga tsuntsun tsaye. Zakaran ƙeƙuwa na bakin ruwa mai kwanciya ne: fadama, gefen tafki, kududdufi, gonar shinkafa, lambun rani, inda ciyawa gajera ce kuma laka ta fito fili. Irin wannan wuri shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogunan Haɗeja da Jama'are suke bazuwa cikin ƙasa mai shimfiɗa kafin ruwansu ya kama hanyar Tafkin Cadi ta kogin Yobe. Saboda yawan tsuntsayen ruwan da ke taruwa a can, a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Fadamar da Baffa ya sani ma ba yadda ya bar ta take ba, domin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika ta kowace damina.

Mai farin kai kuwa ɗan babban kogi ne. Abin da yake nema shi ne tudun yashi ko tsakuwa da ruwa ya janye ya bari, a tsakiyar kogi ko a gaɓarsa, fili fetal inda zai hango maƙiyi tun daga nesa. Rayuwarsa a ɗaure take da hawa da saukar ruwa. Ubangi, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogunan Mbomu da Uwele a Yakoma, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya faɗa kogin Kwango, yakan cika maƙil wajen Oktoba da Nuwamba, ya yi ƙasa sosai wajen Maris da Afrilu. A lokacin ƙarancin ruwan ne tsuntsun yake ɗan tona rami a yashi, ba tare da wani gini ba, ya saka ƙwai biyu zuwa huɗu masu ɗigo-ɗigo da suka saje da ƙasa. 'Ya'yan suna fitowa da gashinsu, kuma ba su daɗewa suke fara bin iyaye kiwo. Abincinsu ƙwari ne da tsutsotsi da ƙananan halittun bakin ruwa. Idan kogi ya taso ya shanye yashin, sai su kaurace zuwa ƙananan rafuka da wuraren da ruwa bai rufe ba, su dawo idan ya janye.

Na ukun, mai zanen wuya, ya fi son fili mai ciyawa da danshi, sau da yawa nesa da bakin kogi, har da wuraren da aka ƙone ciyawa. Don haka tun kafin a ɗaga madubi, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar tsuntsu ta riga ta ba da rabin amsa.

Tafiya kogi

Malamin ya koma shago ya amsa laifinsa, ya nuna wa tsohon hotunan. Baffa ya ɗora yatsa a kan zakaran ƙeƙuwa ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya dubi ɗayan.

"Wannan ne ka ce yana nan kogin namu?"

"Shi ne, Baffa. In ka yarda, mu je ka gan shi."

Wannan gayyata ta fi yadda take a baki nauyi. Ana kiran unguwar Kilomita Biyar ne saboda nisanta daga tsakiyar gari, kuma titin Boganda ya miƙe daga can har kusa da kogi, tafiyar da babur ɗin haya ke yi cikin 'yan mintoci. Amma rabon tsohon da kogin tun kafin 5 ga Disamba 2013, ranar da faɗa ya ɓarke a Bangi tsakanin mayaƙan Anti-balaka da na Seleka, waɗanda suka ƙwace mulki a Maris na shekarar. An yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Cikin watannin da suka biyo baya, dubban Musulmi suka fice zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma suka takure a Kilomita Biyar, har fita daga unguwar ta zama kasadar rai. Haka ake ciki har lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar a ranar 30 ga Nuwamba 2015. Baffa bai gudu ba. Amma ya ji da kunnensa ana ce wa irinsa baƙi, su koma inda suka fito, shi da kabarin mahaifinsa yake a Bangi. Ko bayan da ƙura ta lafa, ƙafarsa ba ta sake sabawa da fita ba. Duniyarsa ta koma tsakanin gida da shago da masallaci.

Sai da aka yi mako uku kafin ya ce a nemo mota. Wata safiyar Asabar cikin Maris suka bi titin har ƙarshensa, suka karkata gabas ta bakin ruwa zuwa wajen Wango. A tsallake ana hango garin Zongo na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Kogin ya rame, duwatsu sun fito, tuddan yashi sun shimfiɗu kamar an shanya fararen zannuwa. Wani masunci ya yarda ya ɗauke su a kwalekwalensa. Ya riƙe hannun tsohon har ya zauna, yana ce masa Baba, suna hira da Sango.

Ba su yi nisa ba kukan ya tarye su. Malamin ya miƙa madubin, tsohon ya daɗe yana gyara shi a idonsa. Tsuntsaye biyu ne a kan tudun, ɗaya a tsaye yana gadi, ɗaya a kwance a kan yashi. Can sai na kwancen ya miƙe, ya gangara bakin ruwa, ya tsoma cikinsa, ya komo ya sake kwanciya a daidai wurin da ya tashi. Malamin ya karanta labarin wannan ɗabi'a a littafi: idan rana ta take, yashi yakan yi zafin da zai iya kashe abin da ke cikin ƙwai, sai uwa ko uba ya jiƙa gashin cikinsa ya zo ya sanyaya su.

"Ka ce masa kada ya ƙara matsawa," in ji Baffa. "In ta tashi ta bar su a wannan rana, alhakin yana wuyanmu."

Masuncin ya kafa sandarsa ya tsayar da kwalekwalen. Ya ce wannan ndeke, wato tsuntsu da Sango, ai na kogin ne. Idan ruwa ya cika ba a ganinsa a nan, idan yashi ya fito sai a wayi gari ya dawo, kuma haka mahaifinsa ya san shi. Ya ce abin da ke damunsa yanzu shi ne yawan masu sauka a kan tuddan, masu haƙar yashi da yara da karnuka. Malamin ya tuna da lodin da ya saya don katanga, ya yi shiru.

Tsohon ya sauke madubin. "Tafiyarsu ɗaya, faɗansu ɗaya," in ji shi. "Ɗan'uwansa ne, babu shakka. Amma wannan ɗan nan ne."

Iyakar yaɗuwa

Shaida ta uku ita ce taswirar da ke gefen kowane hoto, mai nuna ƙasashen da ake samun tsuntsu. Ƙarfin zakaran ƙeƙuwa yana yankin Sahel da filayen da ke kudu da shi, tun daga Senegal, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan da Habasha, ya gangara gabashin Afirka, ya kuma bi kogin Nilu zuwa Masar. Daga can ya tsallaka gabashin Bahar Rum, ana samunsa a Gabas ta Tsakiya da Turkiyya da Girka. Na Afirka mazauna ne, sai 'yar zirga-zirgar bin ruwa, amma na Girka da Turkiyya sukan yi kudu idan sanyi ya shigo. A Afirka ta Tsakiya an fi tsammaninsa a arewa, wajen iyakar Cadi. Bangi kuwa tana bakin kurmi ne, ruwan samanta wajen milimita 1,500 a shekara, alhali na Nguru bai kai rabin haka ba.

Mai farin kai bai taɓa zama tsuntsun wata nahiya ba sai Afirka, kudu da Sahara. Jama'arsa kashi biyu ce. Kashi na farko yana bin manyan kogunan yamma da tsakiyar nahiyar, daga yankin Senegal da Gambiya, ta Kwara da Binuwai, zuwa Ubangi da Kwango da rassansu. Kashi na biyu yana kudu maso gabas, a kogunan Tanzaniya da Zambezi da Limpopo. Duka tsuntsayen biyu ba sa cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu a duniya, amma wanda sheƙarsa ke kan yashin kogi yana cutuwa da duk abin da ya sauya lokacin hawa da saukar ruwa, musamman madatsa.

Abokin malamin ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: taswira ba katanga ba ce. Tsuntsu yana da fiffike, yakan ɓulla inda ba a zata ba. Amfanin taswira shi ne ta nuna abin da ya fi yiwuwa, ta kuma gargaɗi mai kallo ya ƙara duba idan abin da yake zaton ya gani baƙo ne a wurin. Hukunci na ƙarshe yana ga alamomin jiki.

A hanyarsu ta komowa gaɓa sun ga wasu biyu da suka ƙara fito da darasin. Na farko ɗan ƙarami ne mai ruwan ƙasa a sama da fari a ƙasa, wajen santimita 20, yana bin bakin ruwa shi kaɗai yana ta kaɗa gindi sama da ƙasa, idan ya tashi kuma sai ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa yana karkaɗa fiffike. Shi ne Actitis hypoleucos, kuma shi ne baƙo na haƙiƙa a wannan gaɓa: a Turai da Asiya yake ƙwai, ya zo Afirka cin rani, ya koma idan sanyin can ya wuce. Baffa ya ce ashe shamuwar Turawa ce, domin ya san yadda shamuwa take isa ƙasar Hausa da farkon damina, ta yi 'ya'ya, ta yi kudu idan ruwa ya ɗauke. Na biyun kyakkyawa ne mai shuɗin toka a baya, da ja-ja a ciki, da baƙi da fari a kai, wanda yake binne ƙwansa cikin yashi. Sunansa a littafi Pluvianus aegyptius, wato na Masar, alhali yau ba a samunsa a Masar, yana nan a kogunan yamma da tsakiyar Afirka. Hatta sunan da masana suka raɗa yana iya ɗora wa tsuntsu ƙasar da ba a cikinta yake zaune ba.

Abin da aka rubuta

Ranar da aka koma makaranta, malamin ya tsaya gaban aji ya ce ya yi kuskure. Ya zana tsuntsaye biyu a allo, ɗaya da baƙar riga, ɗaya da 'yan kunne, ya sa yara suka bi jerin da bakinsu: kai, fuska, ƙirji, ƙafafu, fiffike. Ya gaya musu cewa zakaran ƙeƙuwa sunan gado ne, su riƙe shi da kyau, domin wata rana wani cikinsu zai je Haɗeja ko Nguru ko bakin Tafkin Cadi ya gan shi ya gane shi. Amma ba a cire wa mutum suna a liƙa wa ɗan'uwansa don kawai shi ne a kusa.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, to shi na kogin namu yaya sunansa da Hausa?"

Tambayar ita ce ya kwana da ita tun ranar Asabar. Ya zaga dattawan unguwa, babu wanda ya ba shi suna, domin zuriyar fatake ne da teloli da mahauta, ba masunta ba. Baffa ya ba shi shawara kada ya ƙirƙiri suna ya sa shi a sahun na gado. Ya ce tunda tsuntsun yana Kwara da Binuwai, masuntan Hausawa na can su ne za a tambaya, idan Allah ya kawo wani daga Yawuri ko Yola. Kafin nan a rubuta siffarsa. Saboda haka malamin ya buɗe sabon layi a ƙarƙashin zakaran ƙeƙuwa, ya rubuta da fensir: mai 'yan kunne na yashi. A gefe ya sa alamar cewa wannan siffantawa ce ta Baffa. Ya kuma goge shaidar da ya yi gaggawar rubutawa a Fabrairu.

Tun daga ranar shafukan littafin suka koma gida huɗu. Sabon gidan na wuri ne da lokaci: a ina aka ga abin, a wane wata, a kan wace irin ƙasa. A gaban zakaran ƙeƙuwa an rubuta fadamar Haɗeja, zamanin almajirancin Baffa. A gaban ɗan'uwansa an rubuta tudun yashi, kogin Ubangi, wajen Wango, watan Maris, mutum uku suka gani.

Da malamin ya karanta wa tsohon wannan layi a shago, sai ya gyaɗa kai, ya ci gaba da zura zare a allura. Can ya ɗago.

"Ɗana, masuncin nan cewa ya yi idan ruwa ya cika ba a ganinsa ko?"

"Haka ya ce, Baffa."

"To ba a rubuta magana da bakin mutum ɗaya. In Allah ya kai mu Nuwamba, ka nemo motar nan mu koma mu duba."